Me ya sa muke ƙona koren shayi da tafasasshen ruwa a teburin ɗanɗano?

Ɗana, tambaya biyu ka haɗa mini wuri ɗaya. Ta farko, me ya sa a teburin ɗanɗano muke kwarara wa koren shayi tafasasshen ruwa mu bar shi ya daɗe, alhali da bakinmu muke gaya wa masu saye kada ruwansa ya wuce digiri 80. Ta biyu, ka ce duk lokacin da aka jera maka koren shayi da baƙi da ulon (wanda ke tsakanin kore da baƙi), baƙin ne ke kwashe maki a wajenka, koren kuwa ɗaci kaɗai kake ji, har ka fara zargin harshenka. Harshenka lafiyarsa ƙalau. Abin da kake nema a cikin kofin ne za mu gyara.

Mai saye yana dafa shayi don ya ji daɗi. Mu muna dafawa ne don ganyen ya faɗa mana abin da aka yi masa tun daga gona har cikin buhu. Ruwa mai ɗan zafi yana rufa wa ganye asiri, ya fito da zaƙinsa, ya bar ƙauri da warin tsufa a kwance. Tafasasshe kuwa duk abin da ke ciki sai ya tono shi. Ganyen da ya sha wannan azaba ya fito da mutuncinsa, to a hannun mai saye sai ya fi haka. Shi ya sa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta dafa shayi don ɗanɗano, ISO 3103, wadda aka fara fitarwa a 1980, ta tsayar da giram 2 na ganye ga kowane mililita 100 na tafasasshen ruwa, minti 6 ga baƙin shayi, a cikin farin kofin tangaran mai haƙora a baki, don a kifa shi da murfinsa a kan tasa ruwan ya tsiyaye. Mutanen Sin suna da tasu hanyar: giram 3 a kofin mililita 150, kore minti 4, baƙi minti 5. Ko wacce ka ɗauka, abin da nake so ka riƙe shi ne kada kofi ɗaya ya fi ɗan'uwansa gata. Ka auna da sikeli, ban yarda da cokali ba, domin cokali ɗaya na niƙaƙƙen ganye ya fi cokali ɗaya na dogon ganye nauyi nesa ba kusa ba. Kofin da ka fara zuba wa ruwa shi za ka fara tsiyayewa, kuma da saurin da ka zuba da shi za ka kwashe. Ruwan ma ka kula da shi. Mai gishirin ƙasa da yawa yana dusashe launi, ya sa wata yana-yana a saman tasa, sai ka ɗora wa ganye laifin da ba nasa ba.

Kafin cokali ya je bakinka, ido da hanci sun yi rabin aikin. Zuba busasshen ganye a farin faranti ka duba: girmansa ɗaya ne, ko an cakuɗa manya da gari? Akwai tsinke da jan zare da yawa? Ɗauki ɗan kaɗan ka murza tsakanin yatsu. Idan ya ruguje ya zama gari, busarwa ta yi, don ganye mai kyau yana fita daga na'urar busarwa da laima wajen kashi 3 cikin 100. Idan ya lanƙwashe bai karye ba, ya sha danshi a hanya, kuma fumfuna ba ta da nisa. Bayan ka tsiyaye, ka ɗan ɗaga murfin kaɗan ka shinshina jiƙaƙƙen ganyen sau uku. Da zafinsa za ka kama aibi, kamar hayaƙi ko ƙauri ko tsami. Da ya ɗan huce za ka ji ainihin ƙanshinsa. Da ya yi sanyi za ka san ko ƙanshin mai zama ne ko na wucin gadi. Yara da yawa suna tsallake na ukun, kuma a nan ne ganye mai arha yake tona kansa. Sannan ka zuƙi ruwan da ƙarfi har ya yi ƙara, don ya watsu a ganɗa da dasashi ƙanshin ya hau bayan hanci, ka juya shi, ka tofar.

Yanzu ga matsalarka. Dukkan ukun daga tsiro ɗaya suke, Camellia sinensis. Bambancin yana wajen yadda aka bar ganyen ya sha iska bayan an murje shi. Ka san yadda tuffa ke yin ja idan an yanka ta an ajiye. Abin da ke faruwa da ganyen shayi ke nan. Mai yin kore yana tsayar da wannan canji da wuta tun bai fara ba. Mai yin baƙi yana barin sa ya kai ƙarshe. Mai yin ulon yana tsayar da shi a tsakiya, inda ya ga dama. Kai kuwa mudun baƙin shayi ka ɗauka kana auna su duka da shi, kana neman kauri da jan launi a wurin da mai aikin bai yi niyyar sa su ba. Kowanne za ka tambaye shi ne: wanda ya yi ka me ya nufa, kuma ya kai ko bai kai ba?

A kore, fara da raba ɗaci da bauri, don har yanzu kana rubuta su a layi ɗaya. Ɗaci a bayan harshe ake jin sa. Bauri kamewa ne, baki ya bushe, harshe ya riƙa kama ganɗa. Da tafasasshen ruwa kowane koren shayi zai ba ka duka biyun, saboda haka kasancewarsu ba aibi ba ne. Ka ƙirga numfashi uku bayan ka tofar. A ganye mai kyau ɗacin zai saki, yawu ya tsattsafo, wani zaƙi ya biyo baya daga maƙogwaro. A maras kyau ɗacin zai zauna daram, baurin ya riƙa ƙaruwa. Wannan zaƙin da ɗan kaurin nan kamar romo daga sinadarin tiyanin suke, wanda ya fi yawa a tohon farkon shekara da ganyen da ya girma a inuwa. Dalilin ke nan da ya sa a Japan ake rufe gonar koren shayin da ake kira gyokuro wajen mako uku kafin tsinka, kuma a Hangzhou ta ƙasar Sin ake darajanta koren shayin Longjing da aka tsinka kafin bikin Qingming na farkon Afrilu.

Ka kuma san wace wuta ganyen ya sha. A Japan turarawa ake yi, sai ruwan ya fito kore shar da ƙanshin ɗanyen ganye. Idan an daɗe ana turarawa ma yakan yi gurɓi-gurɓi, kuma ba laifi ba ne a irinsa. A Sin galibi a kasko ake toyawa, ruwan ya yi fatsi-fatsi garau, da garɗi. Gurɓi a Longjing aibi ne. Shimfiɗa jiƙaƙƙen ganyen a murfi ka duba da kyau. Idan ka ga jijiya ko gindin tsinke ya yi ja, wuta ba ta ratsa ba, ganyen ya ci gaba da shan iska a ɓoye, kuma za ka ji gafi a baki. Idan ka ga ɗigo-ɗigon baƙi ko ƙananan bororo a gefe, kaskon ya yi zafi fiye da kima. Idan kuwa duka ya koma ruwan ƙasa da warin busasshiyar ciyawa, tsufa ne, ba hannun mai toyawa ba.

Baƙi ka riga ka saba da shi, ba zan daɗe ba. Abu biyu ne ke jan igiya a cikinsa: tiyafilabin mai ba da haske da kaifin nan da ke farkar da baki, da tiyarubijin mai ba da duhu da kauri. Kalli gefen tasa inda ruwan ya taɓa tangaran. Zobe mai ruwan zinariya alama ce ta alheri. Jiƙaƙƙen ganye ya zama launin jan ƙarfe mai sheƙi, bai ɗaya. Mai kore-kore bai gama shan iska ba, zai yi kaushi a baki. Mai duhu ya wuce lokaci, ruwansa zai yi lami, wani lokaci har da tsami. Idan tasar baƙin shayin Assam na Indiya ta huce ka ga ta yi gurɓi kamar an ɗiga madara, kada ka rage mata maki, kafeyin ne ya haɗu da waɗancan sinadarai, kuma shayi mai ƙarfi ne ke yin haka. Amma Darjeeling, shi ma baƙin shayin Indiya, na tsinkar farko, a Maris da Afrilu, ganyensa kore-kore yake fitowa da gangan, ruwansa kuma fari-fari. Wanda ya auna shi da ma'aunin CTC na Kenya, wato ganyen da inji ya niƙa ya dunƙula, irin wanda ake gwanjonsa a Mombasa, ya zalunce shi. Haruffan da ke jikin buhu kuma, su OP da BOP da PF1, girman ganye suke faɗa maka. Daɗi sai ka ɗanɗana.

Ulon ne nake so ka ba lokacinka, don shi ne ya fi ruɗin sabon shiga, kuma a ganina a nan gwanintar mai yin shayi ta fi fitowa. Bayan ganye ya yi yaushi a rana, sai a shigar da shi a riƙa girgiza shi a faifan gora, a bar shi ya huta, a sake girgizawa, har tsakar dare. Gefen ganyen ne ke gogar juna yana ƙujewa, sai gefen ya yi ja tsakiyar ta tsaya kore. Mai aikin da hanci yake gane lokacin da warin ɗanyen ganye ya juye ya zama ƙanshin fure, nan take ya kai shi wuta. Ya yi gaggawa, shayin ya fito da gafi. Ya yi jinkiri, ƙanshin ya tsere. Duk wannan daren yana nan a rubuce a jikin ganyen da ke gabanka.

Dafawa ɗaya ba ta isa a yanke masa hukunci. A Sin ana sa giram 5 a ƙaramin kofi mai murfi na mililita 110, a dafa sau uku: minti 2, minti 3, minti 5, kowane karo a shinshina cikin murfin. Dalili shi ne irin su Tieguanyin na Anxi da na tsaunukan Alishan a Taiwan a dunƙule suke tamau, a zubin farko ba su gama buɗewa ba. Na duwatsun Wuyi kuwa, irin su Da Hong Pao, gashin gawayi ne ke fara yi maka maraba. Ka yi hattara da gashi, ɗana. Wuta tana ƙara wa ganye mai kyau zurfi, tana kuma ɓoye ganye maras kyau. A zubi na farko ba za ka bambance su ba. A na uku, mai kyau zai ajiye gawayin gefe, fure ko 'ya'yan itace su fito, ruwan na nan da kaurinsa. Wanda aka gasa don rufa asiri, da gawayin ya tafi sai ruwa salam. Ɗauko ganye ɗaya daga kofin ka ja shi a hankali tsakanin yatsu. Wanda aka gasa da sani zai buɗe, da taushi da ɗan santsi. Wanda aka ƙona zai tsaya a murɗe, baƙi, ya karye a hannunka.

Kada kuma ka haddace cewa dole sai ka ga jan gefe. A Tieguanyin na zamani mai ƙanshin fure, ana kakkaɓe jan gefen da gangan don ruwan ya fito garau, shi ya sa za ka ga bakin ganyen a yage. Shi kuma Dongfang Meiren na Hsinchu a Taiwan, sai wani ɗan ƙaramin ƙwaro ya tsotsi ganyen a gona kafin ya ba da ƙanshin zumar da ake sayensa dominsa. Ganyensa kala-kala yake, fari da ja da ruwan ƙasa, abin da a wani shayin za ka kira rashin tsari. Haka hayaƙi: a baƙin shayin Sin mai suna Lapsang Souchong, hayaƙin itacen fayin (pine) ado ne, a sauran kusan duka alama ce ta matsala a wajen busarwa.

Saboda haka daga yau ka daina jera kore kusa da baƙi kana tambayar wanne ya fi. Jera kore da kore, ulon da ulon irinsa, kuma kullum ka sa samfurin da muka riga muka yarda da shi a farkon layi, shi ne ma'auninka. Fara da masu sauƙi ka ƙare da masu ƙarfi, don idan Assam ya riga ya kama maka baki, Longjing ba zai ce maka komai ba. Ranar aiki ban da turare, ban da taba, ban da yaji. Ka rubuta abin da ka ji kafin ka ji ra'ayina, kuma "yana da daɗi" ba rubutu ba ne a wajena. Faɗa mini inda ka ji shi a baki, da tsawon lokacin da ya zauna, da abin da ganyen ya nuna.

Gobe zan dafa maka kofi uku na koren shayi, biyu daga buhu ɗaya, ɗaya daga wani, ba tare da ka ga wanne ne wanne ba. Ka fitar mini da baren, ka faɗi dalili. Idan ka fara kama shi a kai a kai, sai mu koma ulon, gasasshe biyu da ƙonanne ɗaya, ka dafa su har zubi na uku kafin ka buɗe baki.