Sandar Haruna da tambayar kuɗin gini

'Yar'uwa, salama a gare ki. Kin ce a taron ikilisiya kin tambayi inda kuɗin ginin majami'a ya shiga, ranar Lahadi sai aka yi wa'azi a kan Kora, aka ce mai ja da shugaba ƙasa ce za ta haɗiye shi. Yanzu kina tsoro ko wa Allah kika yi tawaye. Na daɗe cikin dattawan ikilisiya, na zauna sulhu irin wannan ba sau ɗaya ba, bari in faɗa miki yadda nake ganinsa.

Ki buɗe Littafin Ƙidaya sura 16. Kora Balawe ne, ubansa da uban Musa 'yan'uwa ne, kuma ba ya rasa aiki: gidansu na Kohat su ke ɗaukar kayayyaki masu tsarki na alfarwa, wato tantin sujada. Ya haɗa kai da Datan da Abiram na kabilar Ra'ubainu, da manyan jama'a 250. Hujjarsu mai daɗin ji ce, wai dukan jama'a tsarkaka ne, don me Musa da ɗan'uwansa Haruna firist za su fifita kansu. Musa ya gane inda aka dosa, ya ce masa aikin firist ne kuke nema. Kora bai tambayi lissafin komai ba, kujera yake so.

Musa bai yi musu barazana da sunansa ba. Ya faɗi rubda ciki, ya ce gobe kowa ya zo da kaskon turarensa, Ubangiji zai nuna nasa. Ya kuma faɗa a gaban Allah cewa ko jaki ɗaya bai taɓa karɓa daga hannunsu ba. Wannan ayar masu wa'azin Kora sukan tsallake ta. Ƙasa ta buɗe ta haɗiye su Kora, wuta ta cinye mutum 250 ɗin. Washegari jama'a suka sake gunaguni, annoba ta kashe 14,700. Haruna, wanda ake zargi, shi ya ruga da turare ya tsaya tsakanin matattu da masu rai har annobar ta tsaya.

Sai sura 17. Aka karɓi sanda daga shugaban kowace kabila, aka rubuta sunansa a kai, ta Lawi aka sa sunan Haruna, aka ajiye su cikin alfarwa. Da gari ya waye, busasshen icen Haruna ya yi toho, ya yi fure, har ya nuna 'ya'yan almon. Kowa ya ga sandarsa da idonsa ya ɗauka. Haruna bai buɗe baki ya kare kansa ba, kuma ba don ya fi kowa kirki ba ne, shi ne fa ya ƙera ɗan maraƙin zinariya. Zaɓi ne na Allah, shi ya sa Ibraniyawa 5:4 ta ce ba mai ɗaukar wa kansa wannan girma sai an kira shi kamar Haruna.

Tambayarki ta fi kama da sura 27 ta Littafin Ƙidaya. 'Yan mata biyar, 'ya'yan Zelofehad, suka tsaya gaban Musa da shugabanni suka nemi gādon ubansu. Musa ya kai maganar gaban Ubangiji, Ubangiji ya ce gaskiyarsu. Bulus ma da zai kai gudummawa Urushalima bai yarda ya riƙe kuɗin shi kaɗai ba, a 2 Korintiyawa 8 ya ce don kada wani ya sami abin zargi.

A abin da na gani, faston da hannunsa ke da tsabta shi yake fara kiran ma'aji ya karanta lissafi. Na kuma ga masu fakewa da tambayar kuɗi alhali so suke a cire fasto a sa ɗan'uwansu, ki binciki zuciyarki a nan. In tsabta take, kada ki kai maganar WhatsApp. Ki ɗauki uwa ɗaya daga zumuntar mata, ku sami dattawa cikin ladabi, ku roƙa a karanta rahoton kuɗin gini a taro mai zuwa, tare da rasit.