Yaya, ga dalilin da muke barin yaranmu su kwana daji cikin ƙanƙara

Assalamu alaikum Yaya. Ya hunturu, ya iyali, ya mutanen Tudun Wada? Na saurari saƙon muryarka har ƙarshe, na kuma ji ɓacin ran da ke cikinsa. Ka ga hoton ɗanka da jakar goyo a tsakiyar dusar ƙanƙara, kana tambaya ko mu Hausawan jihar Minnesota ta Amurka lafiyarmu ƙalau da za mu bar yaro ya bi ɗalibai ya kwana a daji, ba gida ba asibiti. Ka yi tambaya a kan hanya, kuma ko a nan akwai iyayen da har gobe ba su yarda ba.

Na san abin da ya fara faɗo maka a rai. Duk wanda ya ga abin da ya sami ɗaliban Afaka a 2021 da yaran Kuriga a 2024, ba zai ji an ce ɗalibai sun shiga daji hankalinsa ya kwanta ba. Dajin da suka je sunansa Boundary Waters, can arewacin jihar a kan iyaka da Kanada, bayan garin Ely, tafiyar sama da awa huɗu a mota daga Minneapolis. Ya haura eka miliyan ɗaya, tafkunansa sun fi dubu, kuma akwai dokar 1978 da ta tsare shi. Babu titi a ciki, babu ƙauye, waya ba ta kamawa a mafi yawansa. Kyarkeci na nan amma gudun mutum yake yi, beyar kuwa tana barci a raminta har sanyi ya wuce. Babu mai tare hanya. Abin da ke iya halaka mutum a can sanyi ne.

Sanyin Zariya da muke kwana da gawayi saboda shi da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10. A can dare kan kai 25 ko 30 ƙasa da sifili, alhali firizar mai sayar da ƙanƙara a Sabon Gari wajen 18 take tsayawa. A garin Tower, kusa da Ely, an auna 51 ƙasa da sifili a Fabrairun 1996. Saboda haka ba zan ce maka babu haɗari ba. Idan zafin jikin mutum ya sauka ƙasa da 35, makyarkyata ce farko, sai harshe ya yi nauyi, sai tunani ya rikice, har mutum ya daina jin cewa sanyi yake ji. Yatsa ko kunne kuma kan daskare, wani lokaci sai an yanke.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babban abokin gaba a wannan sanyi gumi ne. Yaro na jan kayansa a kan abin ja mai sulɓi, ya sa faffadan takalmin da ke hana nutsewa cikin dusa, jiki ya ɗau zafi, riga ta jiƙe. Da ya tsaya hutawa, jiƙaƙƙiyar rigar nan ta fara zuƙe masa ɗumi. Shi ya sa ake hana su kayan auduga, har singileti da safa, don auduga in ta sha ruwa ba ta saki. Ulu ake sawa ko yadin roba, hawa uku, ana cirewa kafin gumi ya karyo, ana mayarwa da zarar an tsaya. Ranar da za su tafi na ga jagoransu ya sa kowa ya zazzage jakarsa a ƙasa, yana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya. Ya zaro wandon jins daga jakar wani yaro ya miƙa wa uwarsa ta koma da shi gida.

Da dare shimfiɗa biyu ake yi a ƙarƙashin jakar barci, don ƙasa ta fi iska satar ɗumi. A tafasa ruwa a zuba a gora, a toshe sosai, a sa ta wajen ƙafafu. Safar da aka wuni da ita da batirin tocila duk cikin jakar suke kwana. Ruwan sha sai an narkar da dusa ko a huda ƙanƙarar tafki, sannan a tafasa, a kifa gorar baki ƙasa saboda daga sama ruwa ke fara daskarewa. Ba a kunna rishon girki a cikin rufaffen tanti, saboda iskar guba marar wari da ke kashe mutane a barci, irin ta janareta. Ba kuma a taka tafki sai kaurin ƙanƙararsa ya kai inci huɗu, wajen santimita 10.

To mu nan ba sa hannu kawai muke yi a takarda ba. Da makaranta ta sanar da tafiya, maganar na faɗowa zaurenmu na WhatsApp, a kuma ƙarasa ta bayan Juma'a. Uba ɗaya ko biyu su je su zauna da jagoran: wane horon agajin gaggawa ya yi, yana da na'urar da ke tura saƙo ta tauraron ɗan Adam, wa ya san hanyar da za su bi da ranar fitowarsu, sanyi ya kai nawa a fasa tafiyar. Dokar dajin ma ba ta yarda ayari ya wuce mutum tara ba, don haka jagora ya san fuskar kowa. Wanda ya kasa ba mu amsa, yaronmu ba ya bin sa.

Ka tambayi salla, kuma na san ita ce ta fi damunka. Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba. Alwala da ruwan ɗumi ake yi tun ana girki, a goge jiki nan take, a riƙe ta gwargwadon iko. In ana tsoron cutuwa sai a yi taimama, kamar yadda Amru ɗan Asi ya yi a wani dare mai tsananin sanyi, Manzon Allah (SAW) bai kuma hana shi ba. Wahalar tana ga lokaci: a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu da rabi, la'asar da magariba kusa suke da juna, daidai lokacin kafa tanti. Don haka muke gaya wa jagora tun a gida cewa yaron zai tsaya minti kaɗan, kuma ban taɓa jin wanda ya hana ba. Abinci mu ke haɗa musu: kilishin da matanmu ke yi da naman shagunan Somaliyawa, dambun nama, gyaɗa, garin kunu. Dabino sai a aljihun ciki, in ba haka ba ya ƙi tauno.

Maganar 'yan mata ce ba mu gama daidaitawa ba. Wasu gidajen sun ce a'a ɗungurungum. Wasu na yarda in jagora mace ce, tantin mata daban, kuma aƙalla 'yan'uwa Musulmi biyu suna tare. Ni ina tare da na biyun, amma ba na ganin laifin na farkon.

Me ya sa muke yarda tun farko? Domin yaran nan a ƙasar nan za su rayu, inda sanyi ke cin wata biyar. Wata rana mota za ta mutu da yaro a hanya cikin dare, ko wuta ta ɗauke a gida ana dusa. Na fi son ya koyi alamomin sanyi a jikinsa a gaban malami, da kayan aiki a hannu, da ya koya shi kaɗai a bakin titi. Kuma na ga yaran da ba sa fita, daga ɗaki sai waya tun Nuwamba har Maris, ban ga ya amfane su ba. Kai da kanka ka hau Kufena da 'yan Sikawut, Baba bai hana ka ba.

Za su koma a Fabrairu, kwana biyu. Na ce wa ɗanka ya kira ka da kansa ranar Lahadi, ya nuna maka kayansa ta bidiyo, ka yi masa duk tambayar da kake so. In bayan nan ka ce kada ya je, ba zai je ba. A gaida Inna da su Hajiya.