Ki cika musu ciki tun daga gida, 'yar'uwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce za ki kai yara wurin wasa ranar yawon sallah, kina neman shawara ko ki saya musu abinci a can ko ki yi girkinki ki tafi da shi, tunda kin ji ana hana shiga da kula. Wallahi ina karantawa sai da na ajiye waya na yi tagumi, don kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi.

Babbar sallar 2023 abin ya same ni, wata guda da cire tallafin mai, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kowa yana tafiya yana lissafi a zuci. Mu takwas ne: ni, yarana huɗu, ƙanwar maigidana da nata biyu. Tun dare na zuba zoɓo a robobi na daskarar, na cika kula da soyayyen naman layya da dambu da cincin. Ga nama har ya ishi mutum a gida, me zai sa in sayi na wani? Adaidaita biyu muka ɗauka. Ba zan faɗi sunan wurin ba, ba don sun cancanci a rufa musu asiri ba.

Mun biya kuɗin shiga, an ɗaura wa yara takarda a hannu, sai wani maigadi ya tare ni. "Hajiya, ba a shiga da abinci." Na ce a ina aka rubuta? Ya nuna min wani ɗan allo can bayan ƙofa, wanda sai ka riga ka biya za ka gan shi. Na ce to a mayar min da kuɗina, ya ce tikiti in ya fita ba ya komawa. Bai tsaya nan ba, ya buɗe min kula a gaban jama'a, ya sa hannunsa, hannun da yake karɓar tikiti da shi tun safe, yana juya min nama kamar mai neman allura. Har filas ɗin kunun autana, yaro ɗan wata goma, ya ce sai an bari. A nan ne na daina ganin girman kowa. Na ce masa yaron nan shawarma zai ci? Da ƙyar wata mata mai shara ta sa baki ya bar min kunun. Kuma ina tsaye a wurin, idona biyu, wata ta sauko daga babbar mota da kwando biyu, ya rusuna ya ce "sannu da zuwa ranki ya daɗe", ta wuce abinta. Har yau in na tuna fuskar mutumin nan da yadda yake taunar cingam yana kallon sama ina masa magana, sai in ji zuciyata tana tafasa. Da yake ba mu da motar da za mu ajiye kaya, a gindin kujerarsa na bar kular. Da muka fito naman ya koma rabi, marfin kuma ya tsage. Na bar shi da Allah.

A ciki kuwa, ruwan gora da nake saya 150 a shagon layinmu, 500 suka ce. Yara sun hau lilo, sun yi motar karo, kafin la'asar kowa ya fara riƙe ciki. Shinkafa soyayya a roba da ɗan ƙashin kaza da kabeji mai mayonis, 3,500. Guda biyar na saya muka raba. Tun da na buɗe na ji wani ɗan tsami-tsami, na ɗebo da cokali na ga tana yauƙi. Na mayar wa yarinyar da ke sayarwa, ta ce an riga an buɗe, ba a karɓa. Kafin in gama musu da ita in juyo, 'yata mai shekara huɗu ta kusa cinye tata. Ƙarfe ɗayan dare ta fara amai, kafin asuba gudawa ta biyo baya, idanu suka faɗa. Kwana biyu muka yi a asibiti ana ƙarin ruwa, mutane suna yawon sallah mu muna gadin leda a jikin ƙarfe. Babanta bai ce min komai ba, shirun nan nasa ya fi faɗa ciwo.

Wata nas ce ta zaunar da ni ta ce dafaffiyar shinkafa ba a so ta wuce awa biyu a ajiye cikin zafi, kuma in ta riga ta juya, ko an ɗumama ba lallai dafin ya mutu ba. Mayonis da ɗanyen kabeji ma haka. To ki duba, su tun asuba suke dafawa su jera a roba, ki zo da yamma ki saya.

Tsadar kam na fahimce ta daga baya. Wani ƙanin maigidana ya taɓa kama rumfa a irin wurin nan, ya ce ga kuɗin haya, ga kason masu wuri a cikin ciniki, ga dizal na janareta, kuma cinikin kirki sai sallah da ƙarshen mako, sauran kwanaki ƙuda suke kora. Shi ya sa ake hana ki shiga da naki, don da abincin ake cike giɓi. Na yarda, kowa nema yake. Amma ka tsuga min kuɗi kuma ka ba ni ruɓaɓɓe? Wannan ba nema ba ne.

Ni yanzu kafin mu fita sai na dafa wake da shinkafa ko ɗanwake, kowa ya ci ya yi nak, a huta kamar awa ɗaya don kada lilo ya juya musu ciki. Yaron da ya ƙoshi abin marmari kawai zai nema. In za ki saya, ki sayi abin da aka yi a gabanki: gurguru yana fashewa, dankali yana fitowa daga mai, tsire da zafinsa a kan wuta. Duk abin da aka riga aka rufe a roba ki bar musu kayansu. Kunun aya ma kada ki yarda, ba ya jure zafi. Askirim in kin ga ya canza siffa a cikin robarsa ko ƙanƙara ta hau kansa, ya narke ne aka sake daskararwa. Ki murɗa marfin ruwa da kanki ki ji ya yi ƙas, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kuma don Allah ki tambayi kuɗi kafin yaro ya kai hannu, don da ya ɓare kin saya.

Ki riƙe tsabar kuɗi. Ranar sallah na'urar POS sai ta ƙi, ki yi tiransifa su ce bai shigo ba, ki tsaya kamar mai laifi. Ni kan gaya wa kowane yaro tun a gida nawa ne rabonsa, babbar ma a hannunta nake sa mata, sai ki ga ta fi ni tsumulmula.

Tunda ana maganar cunkoso, ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa wa kowanne a aljihu. Ɗan ƙanwar maigidan nan ya ɓace mana kusan minti ashirin a ranar, ashe yana bayan mai alawar auduga yana kallo. Kuma ki bar musu kayan sallah masu nauyi a gida, leshi da shadda ba na hawa lilo ba ne.

Ki sa wani ya leƙa ko ki kira su kafin ranar, ki ji ko ana fita a dawo da tikiti ɗaya. In ana yi kuma kuna da mota, ki bar kula a but, yunwa ta taso ku fito ku ci ku koma. Abincin jariri kuwa kada ki bari kowa ya karɓa. In kina Abuja, akwai dabarar da yayata take yi: su yi wasansu awa biyu, sannan su wuce Millennium Park da ke Maitama su shimfiɗa tabarma su ci na gida. Babu lilo mai inji a can, amma akwai ciyawa da inuwa.

Ki ajiye ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinc a gida saboda gudawar yara, ko ba don sallah ba. In babu, ruwa mai tsabta lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan kuna hanyar asibiti. Da na san wannan a daren nan da 'yata ba ta galabaita haka ba.

Ita yarinyar har yau in ta ga soyayyiyar shinkafa a gidan biki sai ta kawar da kai ta ce "Umma, ta wurin lilo ce." Ki faɗi shekarun yaranki da ko akwai mai shan nono a ciki, sai in gaya miki abin da nake zubawa a jaka.