Dillali ya ce kayan gadonmu tarkace ne, mu sayar masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mana tsohon adaka. A ciki akwai takobi mai kuben fata, da tasoshin tagulla biyu, da Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafaka, da kuɗin azurfa goma sha ɗaya masu hoton wata mata, an rubuta 1780 a jikinsu. Wani dillali ya zo har gida ya ce duk tarkace ne, amma zai taimaka mana da naira dubu sittin. Wani kuma ya kira ƙanina ya ce azurfar kaɗai ta kai miliyoyi, sai dai mu fara biyan kuɗin gwaji. Wanne za mu yarda da shi? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Kada ku yarda da ko ɗayansu, kuma kada abu ɗaya ya fita daga adakan nan tukuna.

Mu fara da mai waya, domin nasa a fili yake. Mai saye na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun mai kaya. An taɓa cutar mutane ma da labarin jan makyuri, wani sinadari na ƙarya mai tsada da wai ke cikin tsohon keken ɗinki na Singer, jita-jitar da ta karaɗe Saudiyya a 2009. Salon irinsu mai wayar nan shi ne a biya kuɗin gwaji, a biya na takarda, daga nan waya ta daina shiga.

Azurfar taku na san ta. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Bayan rasuwarta aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar ba a sauya ba, a ƙasashe daban-daban, fatake kuma suka riƙa shigo mana da su ta Sahara. Saboda haka shekarar ba ta nuna tsufa. Amma ba tarkace ba ne: kowane ɗaya na gaske yana da nauyin kusan giram 28, azurfar da ke cikinsa ta haura giram 23. Ki kai ɗaya wajen maƙerin azurfa, ya ɗora a ma'auni kina kallo, ki tambayi farashin giram ɗaya na azurfa na ranar, ki ninka shi sau 23. Ƙasa da wannan lissafi kada ku sallama.

Dillalin da ya zo gida shi ya fi damuna, domin salonsa ya fi kama da mutunci. Zai juya tasa, ya nuna miki tsatsa da lotsawa, ya yi tsaki, sannan ya haɗa komai a ciniki ɗaya don kada ki gane wanne ne ya kawo shi. Sau da yawa abu ɗaya yake so, sauran rakiya ne. Idan ya ce tayin na yau ne kaɗai, to ya san in kika kai kasuwa za ki ji wani farashi. Addini ya san wannan matsala tun da daɗewa: Annabi (SAW) ya hana tarbar fatake a hanya a saye kayansu kafin su isa kasuwa su san farashi. Dillali ya saya da araha ya ci riba, wannan sana'arsa ce. Amma ya san darajar abu ya ce miki banza ne, wannan ha'inci ne.

Ina zaton Alƙur'anin ne ya ja hankalinsa. Ki wanke hannu ki busar, ki ɗaga warƙa ɗaya a hankali ta fuskanci hasken taga. In kika ga alamar jinjirin wata guda uku a jere cikin takardar, irin takardar Italiya ce da malamanmu suka yi ta rubutu a kai a ƙarni na 19. Ki duba shafin ƙarshe ma, wasu marubutan kan sa sunansu a can. Abin da ke ƙona mini rai shi ne wasu masu saye kan wargaza irin wannan littafi su sayar da shi warƙa-warƙa. Ku kai shi Gidan Arewa a Kaduna, inda ake adana rubuce-rubucen hannu, su gaya muku abin da kuke riƙe da shi. Su ba saye za su yi don riba ba, shi ya sa maganarsu ta fi ta dillali nauyi.

Akwai kuma doka. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta hana sayar da shi ga wanda hukumar ba ta amince da shi ba, ta kuma hana fitar da shi waje ba izini. Takobin da tasoshin na iya faɗawa ciki, don haka ku nemi jami'an hukumar su duba. Kafin nan kada a goge su da toka ko lemon tsami don su yi ƙyalli, wannan duhun da ke jikinsu yana cikin shaidar shekarunsu.

Ki ɗauki hoton kowane abu daban, gaba da baya, ki rubuta abin da kuka ji daga bakin Baba game da asalinsa. Tunda kayan gado ne, a tara magada duka, maza da mata, kowa ya ji farashin da aka samo daga wurare biyu ko uku kafin a yanke sayarwa ko ajiyewa. In an sayar, a yi takarda mai sunan kowane abu da kuɗinsa, da shaidu biyu.