Tambayi Magini: Bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana jiƙewa, fenti ya ƙi zama

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun gaji wani tsohon gida na jan bulo mai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Duk lokacin ruwa sai bangon ya jiƙe tun daga ƙasa har kusan gwiwa, fenti ya yi bororo ya zube, wani farin gari ya fito a kai. Ga warin funfuna ya kama kayan da muka ajiye. An ce in sayi fenti mai hana ruwa in shafe. Zai yi magani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Fentin nan ba ya korar ruwa, kulle shi yake yi a cikin bango, kuma a tsohon gini wannan shi ne mafarin ɓarna. Farin garin da kake gani gishiri ne da ruwa ya narko daga bulo da ƙasa, ya bushe ya bar shi. Idan ka rufe masa hanya, zai taru a bayan fenti ya ɓanɓare shi, wani lokacin har da fuskar bulon.

Fara da gano inda ruwan ke fitowa. Yanki leda mai faɗin santimita 30, ka manna ta a bango da salatif, ka rufe gefe huɗu ruf, ka bar ta kwana 2. Idan raɓa ta kwanta a fuskar da ke kallonka, iskar ɗakin ce ke da laima, maganinta kuwa hanyar iska ko na'urar tsotse danshi, har laimar ta sauka ƙasa da kashi 60 cikin 100. Idan kuwa bayan ledar ne ya jiƙe, daga ƙasa ruwan yake ratsowa. Yadda ka kwatanta, na biyun nake zato.

To sai ka jira a tsuge da ruwa, ka ɗauki lema ka zagaya gidan. Mutane ba sa son wannan shawara saboda ba a sayen komai a cikinta, amma nan aikin yake. Rufi mai faɗin murabba'in mita 100, in aka yi ruwa na milimita 25, lita 2,500 yake zubarwa. Ina take zuwa? Sau tari za ka tarar indararo ya toshe da ganye, ko bututunsa yana kwarara a gindin bango, daidai saitin inda ɗakin ya fi jiƙa. Ƙara wa bututun tsawo ya kai ruwan nesa da gini, kamar mita 2. Sannan ka duba ƙasar da ke kewaye: a tsohon gida takan lotsa ta karkato wajen bango. A cike ta, a daɓe, ta gangara waje da kimanin santimita 15 a mita 3 na farko. Ɗakuna da yawa da wannan kaɗai suke bushewa.

Sai batun yaɓe. Gidajen da aka gina kafin siminti ya yaɗu, yawanci da kwaɓin farar ƙasa aka ɗaura bulonsu, mai laushi, wanda danshi ke ratsawa ya fice. Soka ƙusa a tsakanin bulo biyu: in kwaɓin ya marmashe fari fat, farar ƙasa ce. Kada ka bari birkila ya lafta masa filastar siminti, ko da ya rantse maka. Da irin kwaɓinsa za a gyara shi. A kankare tsohon fentin, da takunkumi a hanci, domin tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, a goge gishirin da busasshen buroshi, a ba bangon watanni ya sha iska.

Idan an yi duk wannan ruwa bai daina ba, to ƙasar wurin ce ke riƙe shi. Nan hanya biyu ce. Ko a haƙa ta waje har gindin harsashi, a shafa kwalta, a shimfiɗa bututu mai huji cikin tsakuwa, ko kuma a yi magudana ta ciki a gefen daɓe, ta kai ruwan wani rami da injin zai riƙa fitarwa. Ta wajen ta fi inganci, amma a haƙa gaɓa-gaɓa, kada a tone gefe guda gaba ɗaya.

Tsaga kuwa, in ka ga ta kwanta a gicciye, ko bango ya turo ciki, kada ka toshe ta, kira injiniyan gini ya gani da idonsa kafin a taɓa komai. Kayan ajiyarku kuma a janye su daga jikin bango tun yau, a ɗora kan katako.