Na sayi saksofon na hannu, daga baya aibinsa ya fito: ina da haƙƙin mayarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, na sayi saksofon (wani abin busa na tagulla) na hannu a wurin wani da muka haɗu a intanet, hotuna kawai na gani. Ya ce mini tsohon ƙirar kamfanin Selmer ne, ba a taɓa sake masa shafen ƙyallin jikinsa ba, kuma komai na jikinsa na asali ne. Da kaya ya iso na kai wa mai gyara, sai ya ce an sake shafen, wuyan ba nasa ba ne, kuma fatun maɓallan suna sakin iska. Na kira mai shi, ya ce ai kayan hannu ne, yadda na gani haka na saya. Ina da haƙƙin mayar masa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ka tambayi abu guda, amma akwai wanda ya riga shi, kuma amana ba za ta bar ni in tsallake ba: shi kansa cinikin abin busa.

Saksofon bai zo a littattafan magabata da sunansa ba, domin sai a 1846 Adolphe Sax, mutumin Beljiyam, ya yi rajistar ƙirarsa a Faransa. Amma hukuncinsa na sauran kayan busa ne. Jumhurun malamai sun hana kayan kiɗa da busa in ban da ganga mai fuska ɗaya a biki, hujjarsu hadisin Abu Malik al-Ash'ari da ke cikin Bukhari, kuma abin da aka hana amfaninsa cinikinsa ba ya ƙulluwa a wurinsu. Imamu Abu Hanifa ya ce cinikin ya ƙullu tare da karhanci, almajiransa biyu suka saɓa masa. Ibn Hazm ya halatta gaba ɗaya. A mazhabarmu ta Malikiyya ma Shehu Khalil ya kawo a babin walima cewa Ibn Kinana, almajirin Imamu Malik, ya yi sauƙi a kan sarewa da ƙaho. Ni dai ina tare da jumhur, kuma shawarata ka bar abin. Sai dai ba zan ce maka babu saɓani ba alhali akwai.

To ga abin lura. Ko wace hanya ka bi, kuɗinka suna dawowa. In cinikin ɓatacce ne tun farko, a warware shi, kowa ya karɓi nasa. In kuma ya ƙullu, kamar yadda masu halattawa suka ce, to sai mu auna abubuwa ukun da mai gyara ya gano, domin ba nauyinsu ɗaya ba.

Fatun nan su ne mafi sauƙi. Kowane rami a jikin saksofon yana da murfi mai ɗan matashin fata a ciki, kuma fata tana bushewa, tana tsagewa da tsufa. Duk wanda ya sayi tsohon abu ya san zai tarar da irin wannan, kamar tayar tsohuwar mota ce. Aibin da shari'a take ba da damar mayarwa saboda shi, shi ne wanda bisa al'ada ake sa ran kaya irin wannan ya kuɓuta daga gare shi, kuma yana rage daraja. Saboda haka zubar iskar ita kaɗai ba ta isa ba, sai in ya ce maka an sa sabbin fatu ko kuwa yana busuwa lafiya ƙalau.

Shafen da wuyan kuwa wata magana ce daban. Masu sanin wannan kaya sun san cewa kafin a sake shafe sai an goge jikin tagullar, gugar kuma tana cin ƙarfe. Shi ya sa zanen furannin da aka sassaƙa a bakin abin yake dusashewa, lambar kamfani ta zama kamar an lashe ta. Ido yana ganin ƙyalli, mai saye ya ɗauka abu ne da aka adana da kyau, alhali darajarsa a wurin masana ta faɗi. Irin su Selmer Mark VI, wanda aka fara ƙerawa a 1954, kuɗinsu ya rataya ne a kan kasancewar komai na asali. Wuya kuma shi ne farkon hanyar iska, yana taɓa daidaiton murya, kuma wuyan aro yana rage farashi ƙwarai. Mutumin nan bai yi shiru kawai ba, ya ambaci siffa da bakinsa, ka biya kuɗi a kanta, aka tarar babu ita. Sayen abin da ba ya gabanka bisa siffantawa ya halatta a mazhabar Malik, amma sharaɗinsa kaya ya zo yadda aka faɗa. In bai zo ba, zaɓi naka ne.

Misalinsa a sunna shi ne dabbar da ake ƙin tatsa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana haka, ya kuma ba wanda ya saya zaɓin riƙewa ko mayarwa. Ya kuma sa hannunsa mai albarka cikin tsibin abinci ya ji jiƙa a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ko da mai sayarwar bai san an sake shafen ba, zunubin ha'inci ne kawai ya sauka daga kansa, haƙƙinka na mayarwa yana nan.

Cewarsa "yadda ka gani haka ka saya" ba ta kare shi. Hanafiyya sun yarda mai sayarwa ya sharɗanta kuɓuta daga kowane aibi, amma a lokacin ƙulla ciniki, ba bayan an kama shi ba. Malikiyya ma ba su buɗe wannan ƙofa a irin wannan kaya ba. Balle shi da ya faɗi kishiyar abin da ke akwai.

Ka kiyaye abu biyu. Kada ka ci gaba da amfani da shi ko ka sa a yi masa gyara bayan ka san aibin, domin hakan alamar yarda ce, kuma tana zubar da haƙƙin mayarwa. Sannan muddin kayan yana nan yadda ya zo, zaɓinka biyu ne: ka mayar ka karɓi kuɗinka duka, ko ka riƙe a kan farashin farko. Ba za ka tilasta masa ragi ba, sai in kun yi sulhu a kai da yardar juna. In ya musanta, maganar masana sana'ar ake komawa gare ta, don haka ka sa mai gyaran ya rubuta abin da ya gani, ka adana saƙonnin da ya siffanta maka kayan a ciki, ka sanar da shi yau cewa ka fasa.

Wallahu a'alam.