Sa'a ce ko tunanina ne ke kawo fasinja?

Tambaya: Malam ni ɗan Tudun Wada ne, keke napep nake ja. Ranar da na fito da fara'a fasinja har rububi suke, ranar da raina ke ɓace kuwa ko kuɗin mai ba na haɗawa. Wai akwai abin da ke faruwa haka kawai, ko tunanin mutum ne ke jawo shi?

Amsa: Sannu da ƙoƙari ɗan'uwa. Maganar ƙaddara na bar wa malaman addini, ni a kimiyya zan tsaya.

Yawancin abin da muke cewa haka kawai ya faru, dalilinsa ne ya fi ƙarfin idonmu. Kamar dayis ɗin ludo, ƙarfin hannunka da yadda ya daki allo su ke fitar da shida ko ɗaya, sai dai ba mai iya auna su a lokacin jifa. Haka ruwan sama, a 1963 wani masanin yanayi Edward Lorenz na Amurka ya nuna cewa ɗan bambanci kaɗan a yanayin iska yana girma har ya rikita hasashe gaba ɗaya, shi ya sa za ka ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin a Kawo amma ruwan ya je ya sauka a Barnawa.

Inda abin ya gagari lissafi da gaske shi ne cikin ƙwayar zarra, wato ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani waɗanda su suka haɗu suka yi komai. Wani sinadari da ake kira kabon-14, rabin ƙwayoyinsa na rikiɗewa su koma wani sinadari cikin shekara 5,730, wannan mun sani, amma wace ƙwaya ce za ta fara? Babu lissafin da ke faɗa. Shahararren masanin kimiyya Einstein kansa abin bai kwanta masa ba har ya mutu.

To amma naka ba na zarra ba ne. Ƙwaƙwalwa ba ta son a ce mata ba dalili, sai ta ƙirƙiro. A gidan cacar Monte Carlo da ke Turai a 1913 baƙi ya fito sau 26 a jere a teburin cacar da ake zaɓen baƙi ko ja, mutane suka yi ta zuba kuɗi kan ja wai lokacinsa ya yi, suka tsiyace. Yaran da ke cika shagunan caca a unguwanninmu ciwon nan ne ke cin su. Kai ma ranar da ka yi fara'a kasuwa ta mutu, ina kyautata zaton ka manta ta.

Sai dai kana da gaskiya ta wani gefen. In ranka fes yake kana hango mai ɗaga hannu tun daga nesa, ba ka cacar baki kan canji, ba ka ajiye keke tun la'asar. Mai ɗaure fuska ko ni sai in bar shi ya wuce wallahi.

Ka sami ɗan littafi, da safe kafin ka tada keke rubuta yadda ranka yake, da dare rubuta abin da ka samu da awa nawa ka yi a titi, ka sa alama a Juma'a da ƙarshen wata lokacin albashi. Ka yi wata biyu a haka sai ka turo min mu duba tare.